Tantance Tsohuwar Bindigar Soja da Ƙiyasta Darajarta: Nazari a Kan Yankin Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda za a gane asalin tsohuwar bindigar soja da aka gada a gidajen yankin Jega da Aliero da Maiyama, da kuma ma'aunin da ya dace a auna darajarta da shi. An bi sawun hanyoyin da bindigogi suka shigo wa yankin daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa 1945, an fayyace alamomin da masana'antun Ingila da Faransa da Beljiyam suke bugawa a jikin ƙarfe, sannan an nuna yadda za a gwada su da labarin da magada kan bayar. Matsayin maƙalar shi ne dokar Nijeriya ba ta bar wa irin wannan bindiga farashin kasuwa ba, saboda haka darajarta tana cikin shaidar da take bayarwa a kan tarihi, kuma shaidar tana salwanta.

1.0 Gabatarwa

Garuruwan uku suna kan titi ɗaya, wanda ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal da Aliero, ya isa Jega, ya gangara ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Dukkansu suna cikin masarautar Gwandu. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a wajejen 1820 bayan rasuwar mahaifinsa a Bakura a 1818, ta bunƙasa a bakin gulbin Zamfara har ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, mahaɗar fataken goro masu zuwa Gwanja da 'yan kasuwar Nufe da na ƙasar Yarabawa. Yankin ya kuma shafe mafi yawan ƙarni na 19 a bakin dagar yaƙe-yaƙen Gwandu da Kabawan Argungu. Inda kasuwa da fagen fama suka haɗu, makami ba ya wuyar samu, kuma wani abu daga cikinsa kan saura a hannun jikoki.

Manufar maƙalar ita ce samar da tsarin da ɗalibin tarihi ko ma'aikacin gidan adana kayan tarihi zai bi idan aka ɗora masa tsohuwar bindiga a gaba, aka tambaye shi abu biyu: wace iri ce, kuma mece ce darajarta?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Muhawara a kan bindiga a ƙasar Hausa ta yi ƙarfi a farkon shekarun 1970. Fisher da Rowland (1971) sun tattaro ambaton bindigogi a tsakiyar Bilad al-Sudan tun daga zamanin Mai Idris Aloma na Barno. Smaldone (1972, 1977) ya sake auna hujjojin, ya nuna cewa baka da kibiya da doki ne suka ɗauki nauyin yaƙin jihadi, kuma bindiga ba ta yawaita a Daular Usmaniyya ba sai daga wajejen 1860, lokacin da cinikin Turawa a kogin Kwara ya buɗe. A nazarinsa sarakuna sun riƙe wannan makami a hannunsu, sun damƙa shi ga rundunar bayi da ake kira 'yan bindiga. Inikori (1977) ya ƙididdige bindigogin da Ingila ta sayar a gaɓar tekun Afirka ta Yamma tsakanin 1750 da 1807. Adeleye (1971) ya bayyana yadda fifikon makamai ya taimaki Turawa wajen cin Daular, yayin da Aderinto (2018) ya bi tarihin mallakar bindiga da lasisinta a zamanin mulkin mallaka.

Abin lura shi ne dukkan waɗannan ayyuka sun dogara ne ga takardu: rahoton matafiya, lissafin kwastan, wasiƙun razdan. Babu wanda ya ɗauki bindigar kanta a matsayin madogara. A ɗaya gefen kuma akwai ayyukan masana ƙirar makamai, irin su Skennerton a kan bindigogin Lee-Enfield, waɗanda suka san kowane hatimi amma ba ruwansu da Gwandu ko Argungu. Wannan giɓi ne maƙalar ke son cikewa.

3.0 Hanyar Nazari

An yi amfani da nazarin kwatance. An jera nau'o'in bindigogin da tarihi ya tabbatar sun yi aiki a wannan shiyya, an fitar da siffofin da ke bambanta kowanne, sannan an duba tanade-tanaden dokokin Nijeriya da suka shafe su. Don tsara hujja an aro rabe-raben malaman hadisi: abin da ke rubuce a jikin ƙarfe shi ne matani, jerin hannayen da bindigar ta bi har ta iso ga mai ita na yau shi ne isnadi. Ba a yanke hukunci sai an gwada ɗaya da ɗaya.

An yi amfani da waɗannan keɓaɓɓun kalmomi: ɗurin-baki ga bindigar da ake zuba wa albarushi ta baki, ɗurin-gindi ga wadda ake sa wa harsashi ta baya, murɗiya ga layukan da aka sassaƙa a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyawa, sakata ga ƙarfen da ake ja baya a tura gaba don ɗura harsashi, hatimin gwaji ga alamar da hukuma ke bugawa bayan ta jarraba ƙarfin bututu.

4.0 Hanyoyin Shigowar Bindiga Yankin

4.1 Ta kudu. A ƙarni na 19 Nufe tana ƙarƙashin Gwandu, kuma tun zamanin Etsu Masaba (1859 zuwa 1873) ita ce babbar ƙofar da bindigogin Turawa ke bi su hau arewa. Akasarinsu ɗurin-baki ne masu ƙyastu, ƙirar Birmingham da Liège, waɗanda aka yi musamman don kasuwar Afirka. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar da bindigogi masu murɗiya a mafi yawan nahiyar, ta bar ƙofa ga masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Wannan ne ya sa tsohuwar fasaha ta daɗe a nan bayan an yi watsi da ita a Turai.

4.2 Ta hannun sojan Ingila. Rundunar Kamfanin Neja da ta ci Bida a 1897, da rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma da Lugard ya fara haɗawa a ƙarshen wannan shekara, su suka kawo bindigogin soja na ainihi. Sojan Ingila sun sauka Argungu a 1902, Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903. A Satiru, kudu da Sakkwato, ranar 14 ga Fabrairu 1906, talakawa masu gatura da fartanyu sun karya rundunar sojan doki, sun kashe Turawa 3 da sojoji 25, sun kwashe makamai har da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Maxim. Wannan na daga cikin lokuta ƙalilan da aka tabbatar makamin gwamnati ya faɗa hannun jama'a a lardin Sakkwato.

4.3 Ta yamma. Dosso da Gaya ba su da nisa, kuma sojan Faransa sun yi ta kai-komo a can tun ayarin Voulet da Chanoine na 1899. Boren Kobkitanda da aka yi a can a ƙarshen 1905 ya turo mutane zuwa wannan ɓangare, cikinsu har da Shu'aibu Ɗan Makaho wanda ya ƙarasa Satiru. Ba abin mamaki ba ne a tarar da bindigar Faransa a ƙauyen Maiyama.

4.4 Yaƙin duniya na biyu ya kai 'yan Arewa Bama a runduna ta 81 da ta 82. Sai dai ƙa'idar soja ita ce a miƙa makami kafin sallama, don haka duk labarin da ya ce kaka ya dawo da bindigarsa daga Bama yana buƙatar ƙarin hujja.

5.0 Karatun Matani: Matakan Tantancewa

5.1 Kariya

Bindigar ɗurin-baki tana iya zama da albarushi a ciki shekaru da dama, kuma albarushin baƙi ba ya mutuwa da tsufa idan bai jiƙe ba. A ɗauke ta a matsayin ɗurarriya har sai masani ya tabbatar da akasin haka. Ba a harba tsohuwar bindiga don a gwada ta.

5.2 Siffa

Tambayar farko ita ce ta ina ake ɗura ta. Idan ta baki ce, a leƙa cikin bututun da fitila. Bututu mai santsi galibi yana nuna bindigar fatauci ko ƙirar gida, wato dangin da ake kira bindigar toka ko adaka. Idan akwai murɗiya, mai yiwuwa tsohuwar Enfield ce ta 1853.

Ɗurin-gindi ya fi sauƙin rarrabewa, domin kowace ƙira tana da kamanninta. Snider ta 1866 Enfield ce da aka yanke wa gindi aka sa mata murfi mai buɗewa gefe, faɗin bakinta inci .577. Martini-Henry ta 1871 ba ta da kunamar waje mai ɗagawa. Tana da mariƙi a ƙarƙashi wanda idan aka ja shi ƙasa sai toshiyar gindin ta sunkuya, harsashinta kuwa .577/450 ne. Samfurinta na huɗu ana gane shi da dogon mariƙi. Daga 1895 an juya da yawa daga cikinsu zuwa harsashin .303, aka kira su Martini-Enfield, kuma gajerun wannan nau'i ne rundunar kan iyaka ta riƙe a farkon kafa ta. Lee-Enfield tana da sakata da gidan harsashi mai cin 10. Gajeriyar ƙirarta ta 1907 katako ya rufe bututunta har baki, yayin da lamba 4 ta 1941, wadda tsofaffin sojoji da 'yan sanda ke kira mak-fo, bakin bututunta ya leƙo waje kuma madubin saitinta yana can baya kusa da ido. A ɓangaren Faransa, Gras ta 1874 mai sakata ce mai cin harsashi ɗaya na milimita 11, Lebel ta 1886 kuma ƙotarta kashi biyu ce, tana ajiye harsashi 8 a wani bututu da ke ƙarƙashin babban.

5.3 Hatimai

A nan ne aikin yake da yawa, kuma a nan ne ake yawan kuskure.

Bindigar gwamnatin Ingila tana ɗauke da kambi, a ƙarƙashinsa harufan mai mulki: V.R. na Sarauniya Biktoriya wadda ta rasu a Janairun 1901, E.R. na Edward na bakwai har 1910, G.R. na George daga 1910. Sai sunan masana'anta, kamar ENFIELD ko B.S.A. ko L.S.A., sai shekara, sai lambar samfuri. A jikin Martini ana samun wannan a gefen dama na akwatin ƙarfen. Idan an juya ta zuwa .303, bayanin juyin yana gefen hagu, wato bindiga ɗaya tana da shekara biyu, kuma ta biyun ce ke nuna lokacin da za ta iya kasancewa a hannun sojan Lugard. A gajeriyar Lee-Enfield rubutun yana kan zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da jiki. Harufan G.R.I. suna nuna ƙirar Ishapore ta Indiya. Lamba 4 kuwa masana'antu biyar suka ƙera ta lokacin yaƙi: Maltby da Fazakerley da Shirley a Ingila, Long Branch a Kanada, da Savage a Amurka.

Akwai ƙananan alamomi da suka fi sunan masana'anta ba da labari. Kan kibiya mai layi uku yana nufin mallakar gwamnati. Idan kibau biyu suka haɗa kai, an sayar da bindigar ta fita daga hannun soja bisa ƙa'ida. D.P. na nufin an rage mata matsayi zuwa ta fareti kawai, ba ta da amincin harbi. F.T.R. da shekara na nuna an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya.

Bindigar Faransa tana da sunan ɗaya daga masana'antun gwamnati uku, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, a gefen hagu tare da shekarar samfuri. Wannan shekara ta ƙirar ce gaba ɗaya. Shekarar da aka yi ita wannan bindigar tana kan bututu, bayan harafin S ko C ko T. Wanda ya ga 1874 ya ɗauka shekarar haihuwarta ke nan ya yi kuskure. Haka kuma an mayar da Gras masu yawa bindigogin farauta a Liège, an goge murɗiyarsu, an sayar a kasuwannin Afirka. Irin wannan tana da jikin soja amma ta shigo ne a matsayin hajar fatake.

Ga bindigogin fatauci, hatimin gwaji shi ne kalanda. Gidan gwaji na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, ya yi amfani da sandunan sarauta biyu a gicciye har 1904, daga nan ya koma kambi a kan harufa irin su BP da BV. Liège tana buga ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma an ɗora wa da'irar kambi daga 1893. Kalmar TOWER a jikin makulli ba hujjar komai ba ce ita kaɗai, domin maƙeran kasuwa sun yi ta buga ta don jan hankalin mai saye.

5.4 Kwaikwayo da haɗe-haɗe

Maƙeran mashigar Khyber, tsakanin Afganistan da Pakistan, sun shahara da kwaikwayon Martini da Lee-Enfield har da hatimansu. Ana kama su da harafin N a juye, ko V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901. A wannan yanki abin da ya fi yawa shi ne haɗe-haɗe: makullin Turai a kan ƙotar da masassaƙin gida ya yi, ko bututun da maƙeri ya samo daga sandar sitiyarin mota ko bututun famfo. Bututun sitiyari da kansa shaida ne cewa aikin bai girmi zuwan mota ba. Bai kamata a raina irin wannan bindiga ba. Ta fita daga sahun makaman soja, amma ta shiga sahun hujjojin tarihin ƙira a ƙasar Kabi, fannin da har yanzu bai samu masu nazari yadda ya kamata ba.

6.0 Gwada Isnadi da Matani

Ƙarfe yana faɗin shekarar da aka yi shi da wurin da aka yi shi. Ba ya faɗin ranar da ya iso Jega. Rarar makaman soja takan ɗauki shekaru ashirin ko fiye kafin ta gangaro kasuwannin Afirka, saboda haka shekarar da ke jiki iyaka ce ta ƙasa kawai: labari ba zai girme ta ba, amma yana iya zama ƙaninta da nisa.

Misali, idan magada suka ce da bindigarsu aka yi yaƙin Alwasa na 1805, sai aka ga ELG mai kambi, labarin ya faɗi, domin bututun bai girmi 1893 ba. Duk da haka ba a jefar da shi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne bindigar ta ga ƙarshen yaƙe-yaƙen Gwandu da Argungu a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, sai baki ya ɗauke ta ya kai ta yaƙin da ya fi suna. Wannan sauyin wuri shi kansa abin nazari ne. Haka nan Martini-Enfield mai kan kibiya ɗaya, wadda ba ta da alamar sayarwa, idan isnadinta ya kai ga wani da ya zauna kudancin Sakkwato a 1906, ta cancanci bincike mai zurfi a fayilolin lardin Sakkwato da ke Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna. Lamba 4 kuwa ba ta da hanyar zuwa Satiru ko da wane ne ya ba da labarin.

Wajen karɓar isnadi a tambayi wanda ya fara mallaka, da sana'arsa ko sarautarsa, da yadda ta zo hannunsa: ganima, kyautar sarki, saye, ko gado. A nemi abin da ke tare da ita, kamar tsohon lasisin En'e, takardar sallamar soja, lambar yabo ko banati. Takarda ɗaya mai ɗauke da lambar da ta dace da ta jikin bindiga ta fi riwaya goma ƙarfi.

7.0 Ƙiyasta Daraja

7.1 Ma'aunin kasuwar waje

Masu tara tsofaffin makamai a Turai da Amurka suna duba abu huɗu: ko lambobin bututu da sakata da jiki sun dace da juna, lafiyar ƙarfe da katako, ƙarancin samfurin, da tabbataccen tarihin mallaka. Tsufa shi kaɗai ba ya sa tsada. An ƙera Lee-Enfield miliyoyi, kuma a 2003 wani kamfanin Amurka ya sayi tsohuwar ma'ajiyar makaman sojan Nepal a Katmandu, mai ɗauke da bindigogi sama da 50,000, abin da ya cika kasuwa da Martini da Snider. Bindigar da ta sha damina ɗari a ɗakin soro, gara ta taɓa ƙotarta, tsatsa ta ci murɗiyarta, ba za ta yi gogayya da waɗannan ba. Zaton da ake yi cewa kowace tsohuwar bindiga dukiya ce ba shi da tushe.

7.2 Matsayin doka

Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi. Dokar Ingila ta 2021 ta sa iyakar a 1 ga Satumba 1939, da sharaɗin harsashin ya zama wanda aka daina yi. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta bi wata hanya dabam, ta raba bindigogi gida uku bisa nau'insu. Ɗurin-baki yana ƙarƙashin lasisin kwamishinan 'yan sanda, bindigogin farauta suna ƙarƙashin Sufeto Janar, haramtattu kuwa sai da izinin Shugaban Ƙasa. A cikin haramtattun an ambaci bindigar soja mai harsashin .303 da sunanta, kuma hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ke nan Martini-Enfield ta 1896 da ta tsatse tana layi ɗaya da makamin yaƙi na zamani.

Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ƙara wani shinge. Ta sa makamin ƙirar gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, haka ma abin da ya saura daga zamanin mamaya. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Idan aka haɗa dokokin biyu, babu halastacciyar kasuwar da magaji a Aliero zai kai bindigar kakansa. Duk farashin da dillali ya yi masa tayi, farashin fasa-ƙwauri ne.

7.3 Ma'aunin da maƙalar ke ba da shawara

Tunda haka ne, a auna bindigar da nauyin shaidarta. Mafi daraja ita ce wadda mataninta ya karantu, isnadinta ya haɗu da wani sanannen lamari ko gidan sarauta, kuma akwai takarda ko wata riwaya mai zaman kanta da ta goyi baya. Mai bi mata ita ce wadda ɗaya daga cikin biyun ya inganta. Ta ƙarshe ita ce wadda aka kankare hatimanta kuma ba a san hannun da ta fito ba.

A wannan ma'auni, abubuwan da ɗan kasuwar waje ke ɗauka aibi su ne abin nema. Fatar da aka naɗe ƙota da ita, layun da aka ɗaura, ƙusoshin tagulla, ɗaurin waya a inda katako ya tsage, duk suna faɗin yadda aka yi amfani da makamin da abin da mai shi ya yi imani da shi. Kada a cire su. Babbar ɓarna ita ce gogewa da takardar yashi ko burushin ƙarfe don bindiga ta yi ƙyalli, domin hatimin gwaji ba shi da zurfi, minti kaɗan ya isa a shafe shi har abada. Busasshen ƙyalle da ɗan mai marar kauri sun wadatar.

8.0 Adanawa a Halin Rashin Tsaro

Matsalar tsaro a Arewa maso Yamma ta jefa waɗannan kayayyaki tsakanin haɗari biyu. Wasu ana kai su wurin maƙera a farfaɗo da su don tsaron ƙauye, a canza bututu, a yar da tsohon. Wasu kuma suna shiga cikin makaman da jami'ai ke ƙwacewa, kuma Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021, tana lalata irin waɗannan a bainar jama'a. Raba jama'a da haramtattun makamai wajibi ne, kuma maƙalar ba ta jayayya da shi. Abin da take nema shi ne masanin kayan tarihi ya duba tarin kafin a sa masa wuta, ya ware abin da ya girmi 1945, a kashe ƙarfin harbinsa, a miƙa shi gidan tarihi. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a 1958, yana da sashen makamai, haka ma akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Rajistar da ake buƙata ba ta da tsada: hoton bindiga ta gefe biyu, hoton kowane hatimi da hasken da aka karkato, tsawon bututu, faɗin baki, da isnadi a rubuce. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, za ta iya ɗaukar gwajin ƙarfe don bambance bututun masana'anta da na maƙera, sassan tarihi na jami'o'in Birnin Kebbi da Sakkwato su ɗauki riwaya. Sai dai babu magajin da zai fito da abin da zai iya kai shi kurkuku shekara 10. Saboda haka matakin farko na hukuma ne: rundunar 'yan sandan jiha da majalisar masarautar Gwandu su amince da wani wa'adi na miƙa tsofaffin bindigogi ta hannun hakimai ba tare da tuhuma ba, a ba kowane gida takardar shaida, a kuma rubuta sunan gidan a jikin abin da aka ajiye. Kafin a samu wannan, ƙa'idar bincike ta hana mai nazari rubuta sunan mai bindiga ko unguwarsa a cikin kowane rahoto.